Meta Quest 3: tabarau mai nuna inda ɗinkin duniyar kwaikwayo yake

A 1935 marubucin Amurka Stanley Weinbaum ya fitar da wani gajeren labari inda wani farfesa ya ƙera tabarau. Duk wanda ya ɗora shi a fuska sai ya tsinci kansa tsamo-tsamo a cikin wata duniya, yana gani, yana ji, har ƙamshi da ɗanɗano yana samu. Bayan shekara 88, ranar 10 ga Oktoba 2023, kamfanin Meta ya sa Quest 3 a kasuwa, mai ma'ajiyar gigabait 128 a kan dala 499, mai 512 kuma dala 649. Gani da ji dai yana bayarwa. Ƙamshi da ɗanɗano kuwa har yau suna cikin littafi.

Masu sayen wannan tabarau kashi-kashi ne, akwai 'yan gem, akwai masu motsa jiki, akwai masu kallon fim. Wannan sharhi na wani kashi ne daban, wato masu karanta ƙagaggun labaran kimiyya da masu rubuta su, waɗanda ra'ayin nan na cewa wataƙila duniyarmu kwaikwayo ce da wata kwamfuta ke gudanarwa ya shiga ransu. Wanda ya tsara hujjar yadda aka fi saninta shi ne Nick Bostrom, masanin falsafa da ke Jami'ar Oxford a lokacin, cikin maƙalarsa ta 2003. Ya ce aƙalla ɗaya daga abu uku gaskiya ne: ko dai al'ummomi kan hallaka kafin su kai ƙarfin ƙera irin wannan kwaikwayo, ko sukan kai amma ba sa sha'awar yi, ko kuma kusan tabbas mu ma a cikinsa muke. Hujja ce ta lissafin yiwuwa, babu gwajin da ya tabbatar da ita. Marubuta ma sun riga shi zuwa wurin. Daniel Galouye ya rubuta Simulacron-3 tun 1964, Rainer Werner Fassbinder ya mai da shi fim ɗin talabijin a Jamus ta Yamma a 1973, sannan a 1999 aka saki finafinan The Matrix da The Thirteenth Floor a shekara guda. Shi kansa sunan Meta, wanda kamfanin Facebook ya koma amsawa a Oktoba 2021, daga kalmar "metaverse" aka yanko shi, wadda Neal Stephenson ya ƙirƙira a littafinsa Snow Crash na 1992.

A kuɗinsa, Quest 3 na'ura ce mai kyau ƙwarai, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Amma ga irin wannan mai saye, abin da ya fi amfani a cikinta shi ne wuraren da rufa-idonta ke tonuwa, domin kusan duk wani aibi da take da shi akwai labarin kimiyyar da aka gina a kan irinsa.

A cikin kwali za ka tarar da tabaran, da rimot biyu na riƙewa a hannu masu suna Touch Plus, kowanne da batir ɗin AA guda, da wayar USB-C, da caja mai wat 18. Nauyin tabaran giram 515. Ƙwaƙwalwarsa Snapdragon XR2 Gen 2 ce da gigabait 8 na RAM, wato dangin abin da ke cikin wayar hannu mai ƙarfi, don haka ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya yi aiki. Kowane ido yana da allonsa na LCD mai ɗigo 2064 a kwance, 2208 a tsaye, kuma faɗin abin da kake gani ya kai digiri 110 daga hagu zuwa dama, 96 daga sama zuwa ƙasa. Idanun mutum biyu suna ɗaukar kusan digiri 200, shi ya sa koyaushe akwai baƙin da'ira a gefe, kamar mai leƙe ta tabaran ninkaya. Bayan 'yan mintoci hankali kan ɗauke daga kanta, amma tana nan.

Babban abin yabo shi ne ruwan tabaran. Na Quest 2, samfurin da ya gabace shi, mai zobe-zobe ne, wanda sai ka daidaita ƙwayar idonka a tsakiyarsa cif kafin hoto ya fito tas, kuma farin rubutu a kan baƙi yakan yi wani hasken jela. Na Quest 3 siriri ne da ke naɗe haske a cikinsa, hoto yana fita garau kusan daga gefe zuwa gefe, har ana iya karanta rubutu ta juya ido kawai ba tare da juya kai ba. Sai dai dole a saita shi, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure su ce na'urar ba ta da kyau. Da farko a sassauta maɗaurin, a kai na baya can ƙasan ƙeya, a ja na sama har nauyin ya tashi daga kumatu, sannan a matse na gefe. Bayan haka a murza 'yar ƙafar da ke ƙarƙashin tabaran ta hagu, wadda ke matso da gilasan biyu ko ta ware su, har tazararsu ta yi daidai da tazarar ƙwayoyin idonka. Tana tafiya daga milimita 58 zuwa wajen 70, yawancin manya kuma suna kusa da 63. Idan tazarar ta kauce, ƙwaƙwalwa za ta yi ta wahalar haɗa hotuna biyun, ciwon kai ya biyo baya, girman abubuwa ma ya canja, ɗaki ya koma kamar na 'yar tsana. Mai sa tabaran likita ya danna maɓallan da ke cikin soson fuska ya ja shi baya, yana da matsayi huɗu, don kada gilashi ya goge gilashi. Ƙarcen da ya hau wannan ruwan tabarau ba ya fita.

Inda abin ke da daɗi ga mai son labarin kimiyya shi ne lissafin da ke bayan hoton. Allon biyu tare suna da ɗigo sama da miliyan 9. Idan na'urar tana sabunta hoto sau 90 a sakan (tana iya 72, 80, 90 ko 120), ke nan tana da milisakan 11 kacal ta zana duniya sau biyu, ɗaya don kowane ido. Ƙwaƙwalwar da ke aiki da batir ba za ta iya wannan da gaskiya ba, don haka sai ta yi coge. Abin da ke bayanka ba a zana shi sam. Abin da bango ya kare, ana tsallake shi. Bishiyar da ke nesa, da yawa hoto ne shafaffe da ke juyowa yana fuskantarka, sai ka matso a musanya ta da mai rassa. Yawancin manhajoji ma ba sa zanawa a cikakken adadin ɗigon allon, suna zana ƙasa da haka a buɗa. Sannan akwai dabarar rage ingancin gefen hoto a bar tsakiya da kyau, saboda an san can ido ya fi zama.

Wannan dabara ta ƙarshe ana iya kama ta da hannu dumu-dumu. Ka tsayar da kanka cak a cikin wani gem mai nauyi, ka juya ƙwayar ido kaɗai zuwa kusurwa. Za ka ga layuka sun yi haƙora-haƙora, rubutu ya farfashe. Quest 3 ba shi da kyamarar bin ƙwayar ido irin ta tabaran Quest Pro ko Apple Vision Pro, don haka bai san ka saci kallo ba. Bostrom ya kawo irin wannan tattali a maƙalarsa: mai gudanar da kwaikwayo ba ya buƙatar lissafa kowace ƙwayar zarra, ya isa ya cike bayanai a lokacin da wani ya leƙa madubin ƙara girma. Karanta wannan a takarda daban, ganin kusurwar duniya tana farfashewa don ka kalle ta ba zato daban. Marubucin da ke neman yadda jaruminsa zai fara zargin duniyarsa, ga hanya nan a gabansa.

Haka batun tangarɗa. A The Matrix baƙar kyanwa ce ta wuce sau biyu, alamar an taɓa wani abu a tsarin. A Quest 3 tangarɗar tana da dalilai sanannu. Idan gem ya kasa gama zana hoto a kan lokaci, na'urar takan ɗauko hoton baya ta karkata shi daidai da motsin kanka don kada duniya ta tsaya. Kai ba ka ji komai ba, amma abin da ke motsi a gabanka sai ya yi inuwa biyu ko ya yi tsalle. Sanin inda kake a ɗaki kuma ya dogara ne da kyamarori huɗu da ke kallon alamomi a bango da ƙasa, tare da na'urar auna motsi da ke ciki. Ɗaki mai duhu, farin bango fayau marar ko hoto, babban madubi, ko hasken rana mai ƙarfi ta taga, kowanne na iya rikita su. Sai ka ga ƙasa ta zame, ko hannunka ya tashi ya bar ka ya tafi can gefe. Maganin ba wuya: a kunna fitila, a rufe madubi, a goge kyamarorin da busasshen ƙyalle mai laushi. Su ma rimot ɗin idan suka daɗe a bayanka inda kyamara ba ta gani, na'urar hasashe take yi, kuma hasashen yakan kauce.

Sai iyaka. Kafin fara wasa, tabaran kan duba ɗakin ya shata filin da babu haɗari, ko kai ka zana da rimot. Don wasan da ake yawo ana son fili aƙalla mita 2 a kan mita 2, kuma ya kamata a bar tazarar hannu guda tsakanin layin da bango, domin naushi ya fi gargaɗi sauri. A kula da fankar sama ma, yatsu da yawa sun sha wuya a wurinta. Da ka kusanci layin sai wata raga ta bayyana a tsakiyar dajin ko fadar da kake ciki, idan ka zura kai waje kuma duniyar ta ɓace ɗakinka ya dawo. Wanda ya kalli The Thirteenth Floor zai tuna inda jarumin ya tuƙa mota har ƙarshen hanya ya tarar duwatsu sun zama korayen layuka. Ga shi nan a zahiri, sai dai wannan an yi shi ne don kare talabijin ɗinka.

Abin da aka fi tallata Quest 3 da shi shi ne gaurayar zahiri da kwaikwayo. A gabansa akwai kyamarori biyu masu launi da na'urar auna zurfi a tsakiya, suna nuna maka ɗakinka a allon, a ɗora abubuwan kwaikwayo a kai. Ƙwanƙwasa gefen tabaran sau biyu yana kai ka can ya dawo da kai. Wani ɗan wasa na kyauta mai suna First Encounters shi ne ya fi nuna ƙarfin abin: rufin ɗakinka na gaske ya fashe, ƙaramin jirgin sama jannati ya faɗo a kan shimfiɗarka, bango ya riƙa ɓarewa kana hango wata duniya ta ramin. Minti biyar ne, amma ya fi dogon bayani. Ingancin hoton kyamarar dai matsakaici ne. Allon yana ba da ɗigo 25 a kowane digiri, kyamarar 18, alhali lafiyayyen ido yana rarrabe kusan 60. A ɗaki mai haske ana iya karanta saƙon waya da ɗan ƙoƙari, da yamma kuwa hoton yakan cika da tsaki-tsaki. Gefen hannu da abubuwan da ke kusa sukan lanƙwashe, ko da yake sabunta manhajar da aka yi a 2024 ya rage wannan sosai. Akwai wani abu mai tayar da tsigar jiki a nan: ɗakin da kake gani ba ɗakinka ba ne kai tsaye, hotonsa ne da kwamfuta ta sake ginawa, amma bayan ɗan lokaci sai ka miƙa hannu ka ɗauki kofi ba tare da tunanin komai ba.

Ido da kunne suna ruɗuwa da sauƙi. Jiki ne ke ƙin yarda. Can cikin kunne akwai sashen da ke auna daidaito da motsi, kuma idan ido ya ce kana gudu shi kuwa ya ce kana tsaye, sakamakon jiri ne da zufa mai sanyi da tashin zuciya. Sabon shiga ya fara da minti 10 zuwa 15, ya zaɓi wasannin da ake tsayawa wuri guda, ko ya kunna tafiya ta tsalle daga wuri zuwa wuri maimakon zamewa, da juyi na ɓalli-ɓalli maimakon juyi a hankali. Fanka mai busowa daga gefe guda tana taimakawa, don jiki ya san inda gaba take. Da an ji alamar farko a cire, dagewa ƙara abin yake yi, kuma jirin na iya bin mutum sa'o'i. Akwai matsala ta biyu da ba ta da magani a wannan samfurin. A zahiri idan ka kalli abu na kusa, idanu suna karkatowa ciki kuma ƙwayar ido tana canja saiti a lokaci guda. A tabaran nan saitin hoton a nisa ɗaya yake daskare, don haka abin da ka kawo dab da hanci sai ya yi dishi-dishi, idanu su gaji. Taɓawa kuwa ba a magana, ɗan kaɗawar rimot ne kawai. Takobi ba shi da nauyi, hannu yana ratsa tebur. Wanda ya ji wannan a jikinsa zai gane dalilin da ya sa masu fim ɗin The Matrix suka tsallake ido da fata gaba ɗaya suka soka waya a ƙeya. Ba don ban tsoro kaɗai suka yi ba, ita ce hanyar da labarin zai tsaya da ƙafarsa.

Wajen jin daɗin sawa, an yi ba a yi ba. Maɗaurin ƙyallen da ya zo da shi yana barin nauyi a gaba, bayan minti 40 ko awa guda goshi da kumatu za su faɗa maka. Kusan kowa yakan ƙare da sayen maɗauri mai tauri, kuma gara a sayi mai batir a baya, yana daidaita nauyi yana ƙara lokaci. Batirin ciki kusan awa 2 yake yi, ƙasa da haka idan ana amfani da kyamarorin gaurayar nan, cika shi kuma ya ɗan haura awa 2. Baƙin LCD toka-toka ne, don haka sararin samaniya da kogo ba sa yin duhun da ya kamata. Lasifikan da ke jikin hannuwan maɗaurin suna da kyau wajen nuna daga ina sauti ke zuwa, amma na kusa da kai yana jin komai. Akwai ramin abin kunne mai milimita 3.5 a dama.

Mai kwamfutar gem na iya haɗa ta da tabaran ta wayar USB 3, ko ta iska da manhajar Air Link, Steam Link ko Virtual Desktop. Idan ta iska ce, a haɗa kwamfutar da rauta, wato na'urar Wi-Fi, ta waya, a sa tabaran a layin gigahaz 5 ko 6, rautar kuma ta kasance a ɗaki ɗaya da kai. In ba haka ba hoto zai riƙa sarƙewa, wurare masu duhu su yi tabo-tabo, saboda bidiyo ne matsattse ake turowa. Ta wannan hanya ake buga No Man's Sky, gem ɗin 2016 mai duniyoyi sama da 18 da sifiri 18 a gabansa. Babu ma'ajiyar da ke ɗauke da su. Lissafi ne ke haifar da kowace duniya a lokacin da ka doso ta, kuma duk wanda ya zo wurin zai tarar da duwatsu iri ɗaya, domin daga lamba ɗaya aka faro. Tsayawa a kan dutsen da bai wanzu ba kafin ka iso, wanda kuma zai ɓace da ka tashi, shi ne mafi kusa da ra'ayin Bostrom da kuɗi ke iya saya a yanzu.

Akwai wani gefen da bai kamata a tsallake ba. A littafin Galouye, an gina birnin kwaikwayon ne don binciken kasuwa, a san abin da mutane za su so ba tare da an bi su da tambaya ba. Quest 3 na kamfanin da kusan duk kuɗin shigarsa daga talla yake. Tun Agusta 2022 ba a buƙatar asusun Facebook, amma asusun Meta dole ne, da manhajar waya don saitin farko. Na'urar tana gina taswirar ɗakinka, tana bin motsin kai da hannu. Manhaja sai ta nemi izini kafin ta samu taswirar, kuma a cikin saituna ana iya duba waɗanda aka ba izini a janye, a kuma goge taswirar da aka adana. Yana da kyau a leƙa wurin tun ranar farko. Yara 'yan shekara 10 zuwa 12 sai da asusun da iyaye ke kula da shi.

A Oktoba 2024 Meta ta fitar da Quest 3S daga dala 299, bayan a Satumba ta sauko da Quest 3 mai gigabait 512 zuwa dala 499 ta kuma sanar da daina mai 128. Ƙwaƙwalwarsu ɗaya, wasanninsu ɗaya. Bambancin a ido yake: 3S ya koma tsohon gilashi mai zobe, allonsa ɗigo 1832 a kan 1920, tazarar ido kuma matsayi uku kacal, 58, 63 da 68. Wanda tazararsa ta faɗa tsakani zai ji a jikinsa. Mai son ɗanɗanawa kawai, 3S ya ishe shi. Mai niyyar zama awa guda yana karatu, yana kallo, yana leƙa kusurwoyi don ya ga inda aka yi coge, ya ƙara kuɗin ya ɗauki Quest 3. Wanda mota ke sa shi amai kuwa ya ari na wani ya gwada minti 15 kafin ya fitar da ko sisi.

Wajen ajiya, kada a goge gilasan da barasar goge-goge ko wani ruwan sinadari, busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. A cire batiran rimot idan za a daɗe ba a taɓa su ba, don kada su zubar da ruwa su ci ƙarfen. Kuma kada a bar tabaran gilasansa na kallon taga. Gilashin yana tattara hasken rana a kan allon kamar yadda madubin ƙara girma ke ƙona takarda, ƙasa da minti ɗaya ya isa ya bar tabon da ba ya gyaruwa.